Zaɓen Abokan Karawa: Ƙungiyoyin Wasannin Jami'ar Sewanee daga 1899 zuwa Yau

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun ƙungiyoyin wasannin wata ƙaramar jami'a da ke Sewanee, a jihar Tennessee ta Amurka, wadda ɗalibanta ba su cika dubu biyu ba. A 1899 ƙungiyarta ta zari-rugar Amurka ta lallasa duk wanda ya tare ta a Kudancin Amurka. Daga 1933 zuwa 1940 kuwa, ta buga wasa 37 a gasar manyan jami'o'in yankin, ba ta ci ko ɗaya ba. An saba ba da labarin farko a matsayin jarumta, na biyu a matsayin faɗuwa. Hujjar maƙalar ita ce, abubuwa uku ne suka haifar da duka biyun: ƙa'idojin wasan, hanyar shigowar kuɗi, da irin jami'o'in da Sewanee ta yarda ta kara da su. A cikin ukun, na ƙarshe ne kaɗai ke hannun ƙaramar jami'a.

Gabatarwa



Mu da muka saba da wasannin NUGA, waɗanda aka soma a Jami'ar Ibadan a 1966, mun san gasar jami'o'i a matsayin biki: a hallara a jami'a guda na 'yan kwanaki, a raba lambobin yabo, kowa ya kama hanyar gida. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Jami'o'i kan haɗa kansu su kafa ƙawance na jami'o'i takwas, goma ko goma sha shida, su riƙa ziyartar juna mako-mako tsawon zangon karatu, 'yan kallo su sayi tikiti, gidajen talabijin su sayi izinin haska wasan. Filin wasan Jami'ar Tennessee da ke Knoxville yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Na Sewanee, a jiha ɗaya, bai wuce mutum 3,000 ba. Amma a Disambar 1932 waɗannan jami'o'i biyu sun zauna a tebur ɗaya cikin jami'o'i 13 da suka kafa ƙawancen SEC, wanda a yau ke raba wa kowace jami'ar da ke cikinsa sama da dala miliyan 50 a shekara.

Tun farkon al'amarin kuɗi na ciki. Gasar farko da aka yi tsakanin jami'o'i biyu a Amurka tseren kwale-kwale ce tsakanin Harvard da Yale a 1852, a tafkin Winnipesaukee, kuma kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta don ya jawo fasinja. Wasan ƙwallo na farko, tsakanin Rutgers da Princeton, ya biyo baya ranar 6 ga Nuwamba 1869. Don haka duk mai neman wani zamani da ɗalibai suke wasa tsakani da Allah ba ruwansu da kuɗi zai daɗe yana nema.

Kwana shida, wasa biyar

Limaman cocin Episcopal na jihohin Kudu ne suka kafa Jami'ar Kudu, wadda kowa ya fi sani da Sewanee, a 1857. Jagoransu, Bishop Leonidas Polk, mai bayi ne, kuma daga baya ya zama janar a rundunar 'yan awaren Kudu, ya mutu a fagen yaƙi a 1864. Yaƙin basasa ya cinye dukiyar da aka tara wa jami'ar, sai 1868 aka buɗe ta, a kan tsaunin Cumberland, cikin dajin da a yau ya kai eka 13,000. Ta fara buga zari-rugar Amurka a 1891.

A 1899 ɗalibanta ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Manajan ƙungiyar ɗalibi ne mai shekara 20, Luke Lea, domin a wancan zamani ɗalibai ne ke shirya wasanninsu, su sasanta da abokan karawa, su ƙirga kuɗin ƙofa. A shekarar ne aka samu saɓani da Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo wa Sewanee kuɗi ya rushe. Lea ya rasa inda zai cike giɓin. Dabarar da ya yi ita ce ya jera wasanni a manyan garuruwa, inda akwai 'yan kallo, a tafiya ɗaya ta jirgin ƙasa, don kada a biya kuɗin hanya sau biyar.

Ranar 9 ga Nuwamba suka ci Jami'ar Texas 12 da nema a Austin. Washegari a Houston suka ci Texas A&M 10 da nema. Ranar 11 suka ci Tulane 23 da nema a New Orleans. Lahadi suka huta, ɗaliban coci ne. Litinin 13 ga wata suka ci LSU 34 da nema a Baton Rouge, Talata kuma suka ƙarasa da Jami'ar Mississippi 12 da nema a Memphis. Maki 91 ke nan, ba a ci su ko ɗaya ba, cikin tafiyar kusan kilomita 4,000. Har gangunan ruwan maɓuɓɓugar tsauninsu suka loda a jirgin don gudun baƙon ruwa. Da kaka ta ƙare sun buga wasa 12 sun ci 12, sun tara maki 322, an ci su 10 kacal, duka goman a wasa ɗaya da Auburn, wadda John Heisman ke horarwa, aka tashi 11 da 10. Kocinsu Billy Suter ne, kyaftin kuma Henry Seibels.

Akwai wani mutum a tawagar da aka daɗe ba a ambatonsa, Cal Burrows, baƙar fata, wanda aikinsa shi ne tausa da gasa jikin 'yan wasa cikin dare a taragon jirgi. Jami'ar da yake wa hidima ba za ta karɓe shi ɗalibi ba, haka ma duk jami'o'in da aka kara da su a tafiyar. Shi kuwa Luke Lea, ƙarfin halinsa bai tsaya nan ba: ya kafa jaridar Tennessean a 1907, ya zama sanata a 1911, sannan a Janairun 1919, yana kanar ɗin soja, ya ja wasu abokansa zuwa ƙasar Holan da niyyar kamo tsohon sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu. Wannan karon bai yi nasara ba.

Ban raina juriyar waɗannan samari ba. Wanda ya san yadda ake karo da ƙirji a zari-ruga, ba tare da hular kwano ta zamani ba, ya san buga wasa biyar cikin kwana shida ba ƙaramin abu ba ne. Shekara shida bayan haka, a 1905, 'yan wasa kusan 18 suka mutu a filayen Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, abin da ya kai ga kafa hukumar wasannin jami'o'i da ta zama NCAA a 1910. Sai dai juriya ba ta isa ta bayyana nasarar ba, domin abokan karawar ma ba ragwaye ba ne.

Na farko, ƙa'idar wancan lokaci ta ce wanda aka fitar daga fili ba ya komawa. Mutum goma sha ɗaya ne ke kai hari, su ne kuma ke tsaron gida. Ke nan jami'a mai ɗalibai 300 da mai 3,000 kusan daidai suke a fili, tunda kowace goma sha ɗaya take buƙata da 'yan canji kaɗan. Na biyu, kalandar Sewanee daban take: ana karatu duk tsawon bazara, a tafi dogon hutu da hunturu, saboda sanyin tsauni da kuma iyayen da ke son 'ya'yansu su kauce wa zazzaɓin da ke addabar ƙasashen kwari lokacin zafi. 'Yan wasanta sun riga sun yi makonni suna atisaye tare kafin sauran jami'o'i su dawo daga hutu. Na uku, jami'o'in gwamnati na Kudu a lokacin su ma ƙanana ne kuma matalauta, wasan ma bai kai shekara goma da isowa yawancinsu ba. Sewanee kuwa 'ya'yan masu hali ke zuwa cikinta, waɗanda da yawansu sun taɓa wasan tun a sakandare. Girman jami'a bai riga ya zama makami ba.

Wasa 37, nasara babu

Shekaru ashirin da biyar da suka biyo baya Sewanee ta ci gaba da riƙe mutuncinta. Ta sake zama zakarar Kudu a 1909, ta kuma doke Vanderbilt 16 da nema a 1924. Amma a tsakanin nan komai ya canza a kewayenta. Jami'o'in gwamnati sun kumbura da ɗalibai bayan Yaƙin Duniya na Farko. Mota ta wadata, rediyo ya shiga gidaje, aka fara gina filaye na kankare: Vanderbilt a 1922, LSU a 1924, Alabama a 1929. Da Alabama ta je California ta ci Washington 20 da 19 a wasan Rose Bowl na Janairun 1926, 'yan siyasar Kudu suka gane ƙwallo hanya ce ta wanke ƙasƙancin da yankin ke ji tun bayan yaƙin basasa. Filin da aka gina da bashi sai an cika shi, cika shi sai da nasara, nasara kuma sai da 'yan wasan da aka nemo aka biya. Rahoton Gidauniyar Carnegie na 1929, wanda Howard Savage ya jagoranta, ya gano cewa mafi yawan jami'o'in da aka bincika suna ba 'yan wasa tallafi ta bayan fage.

A 1935 SEC ta daina ɓoye-ɓoye, ta zama ƙawance na farko da ya halatta ba ɗalibi tallafin karatu saboda ƙwarewarsa a wasa. A ganina wannan shekara ce ta raba gardama ga Sewanee, ko da yake shekara biyar ta ƙara kafin ta amsa. Jami'ar da ke da dubban ɗalibai da baitulmalin jiha a bayanta za ta iya ɗauke wa samari hamsin ko sittin kuɗin makaranta ba ta ji a jikinta ba. Wadda ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne, kuma da kuɗin makarantarsu take biyan malamai, in ta yi haka ta yanke wani babban kaso na abin da take ci.

Sakamakon yana rubuce. Kaka takwas, wasa 37 a cikin ƙawancen, an ci Sewanee a duka. A 26 daga cikinsu ba ta samu ko maki ɗaya ba. Jimillar abin da aka zuba mata 1,163, ita kuwa 84, wato a kowane wasa ana cin ta kusan 31 ita tana da 2. Galibin wasannin a filayen abokan karawa aka buga su, domin filinta ba ya tara kuɗin da za a raba. Ma'ana, Sewanee ta koma ƙungiyar da ake gayyata a doka a gaban jama'a a sallame ta da kasonta na ƙofa. Dabarar Luke Lea ce dai ta bin 'yan kallo inda suke, sai dai yanzu jikin ɗalibai ne ke biyan farashin. A filin dambe, in za a haɗa wasa, akan duba sa'a da sa'a. Mai shirya wasan da ya tura ƙaramin yaro gaban shago don kawai 'yan kallo su cika, kowa ya san abin da ya sayar.

Me ya sa aka yi shekara takwas ana haka? Tsofaffin ɗalibai. Su ne ke ba da gudummawa, su ne ke zaune a majalisar amintattu, da yawansu kuma sun taso da labarin 1899 a kunne. A wajensu fita daga SEC tamkar amsa cewa jami'arsu ba ta kai ba ne. Nan ne tarihin jarumta ya zama kaya a wuyan jami'ar: wanda ya yarda cewa zuciya ce ta ci wasannin 1899, dole ya ɗauka rashin zuciya ne ke sa a sha kashi a 1937, sai ya nemi a sauya koci maimakon a sauya gasa.

Alexander Guerry, wanda ya shugabanci Jami'ar Chattanooga kafin nan, ya karɓi ragamar Sewanee a 1938. Masu rubuta tarihin jami'ar sun ce sai da ya gindaya sharaɗin a daina ba 'yan wasa tallafi na musamman sannan ya amsa tayin. A Disambar 1940 Sewanee ta fice daga SEC. Shekara guda kafin nan Robert Maynard Hutchins ya yi abin da ya fi haka tsauri a Jami'ar Chicago: bayan kakar 1939, wadda a cikinta Michigan ta ci su 85 da nema, ya soke zari-ruga gaba ɗaya, duk da cewa ɗan wasan Chicago, Jay Berwanger, shi ne ya fara lashe kyautar da ake kira Heisman a 1935. 

An fi yawan ambaton Hutchins a littattafai, amma ni matakin Guerry ya fi burge ni. Hutchins ya ɗauka wasan ne matsalar, sai ya kore shi, kuma Chicago ta dawo da shi a 1969. Guerry ya bar ɗalibansa su ci gaba da bugawa, abokan karawa kawai ya sauya musu. Lokaci ya gaskata shi ta fuskar da shi kansa ba zai hango ba. A 1941 aka sassauta ƙa'idar canji, a 1945 kuma Fritz Crisler na Michigan ya fito da tsarin runduna biyu, ɗaya ta hari ɗaya ta tsaro. An hana tsarin a 1953, aka dawo da shi a tsakiyar shekarun 1960, ya zauna har yau. Yawan 'yan wasan da ake buƙata ya ninka, kuɗi ma haka. Jami'o'i masu zaman kansu da dama, irin su Georgetown da Fordham, sun ajiye wasan a farkon shekarun 1950. Georgia Tech ta bar SEC a 1964, Tulane ta bi ta a 1966.

Sewanee kuwa, da ta samu sa'o'inta, sai ta koma cin wasa. A ƙarƙashin koci Shirley Majors, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1957 zuwa 1977, ta gama kakar 1958 da ta 1963 ba a doke ta ba. A 1962 ta haɗu da Centre, da Washington and Lee, da Southwestern ta Memphis suka kafa nasu ƙawancen, bisa sharaɗin ba a biyan kowa don ya yi wasa. Southwestern ɗin nan ita ce Kwalejin Rhodes ta yau, kuma ita ce wadda Sewanee ta ci 54 da nema a 1899. Har yanzu suna karawa duk shekara kan kofin Edmund Orgill.

Kasuwar da ta sauya kama

A 1973 NCAA ta raba mambobinta rukuni uku. Rukuni na Uku, inda Sewanee take, shi ne wanda aka haramta tallafin karatu na wasa a cikinsa. Shi ne ya fi yawan jami'o'i, sama da 400, amma kashi 3.18 cikin ɗari na kuɗin shigar hukumar yake samu. Shekara guda kafin nan majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya. Sewanee ta fara ɗaukar ɗalibai mata a 1969, yau kuma tana da ƙungiyoyi sama da 20 na maza da mata, daga ƙwallon ƙafa da kwando da tanis zuwa ninƙaya da hawan doki.

Zai yi daɗi a ce a nan kuɗi suka fita daga lissafi. Ba su fita ba, ƙofa suka sauya. A babbar jami'a ɗan kallo ne ke biya, ɗan wasa ya yi karatu kyauta. A ƙaramar jami'a ɗan wasan ne ke biya. Yaron da ya yi shekara goma yana buga ƙwallo a sakandare, manyan jami'o'i ba su neme shi ba, kuma bai shirya rataye takalmi ba, zai zaɓi makarantar da kocinta ya kira shi a waya ya ce akwai gurbi. Kuɗin makaranta a Sewanee ya haura dala 50,000 a shekara kafin rangwame. Mu ƙaddara, don misali kawai, ƙungiya mai mutum 80 wadda kowane ɗan wasanta ke biyan dala 20,000 bayan rangwame: dala miliyan 1.6 ke nan a shekara, alhali ko tikiti ɗaya ba a sayar ba. Jeffrey Docking, wanda ya zama shugaban Kwalejin Adrian da ke Michigan a 2005, ya mayar da wannan lissafi manufa a fili. Ya gina filaye, ya buɗe sababbin ƙungiyoyi, ya ɗora wa kowane koci adadin ɗaliban da zai kawo, ɗaliban kwalejin suka tashi daga ƙasa da 900 zuwa kusan ninkin haka. Ya bayyana tsarin a littafinsa na 2015, Crisis in Higher Education.

Wannan yana da nasa illolin, kuma ƙananan jami'o'i sun fi manya jin su. A jami'a mai ɗalibai 40,000, 'yan wasa 600 ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. A kwaleji mai ɗalibai 2,000 kuwa, 600 kusan sulusi ne. James Shulman da William Bowen a The Game of Life na 2001, sannan Bowen da Sarah Levin a Reclaiming the Game na 2003, sun nuna cewa a fitattun ƙananan kwalejojin arewa maso gabashin Amurka, ɗalibin da koci ya sa sunansa a jerinsa ya fi takwaransa mai maki ɗaya damar samun gurbi nesa ba kusa ba, sannan in ya shiga, sakamakonsa kan gaza abin da makinsa na shiga ya nuna zai iya. Guerry ya hana koci riƙe jakar kuɗi, amma har yau koci na da baki a ofishin ɗaukar ɗalibai. Wasu za su ce ai ba laifi, tunda wasa ma tarbiyya ce. Na yarda, in har ƙungiyar a buɗe take ga duk ɗalibin da ya zo ya gwada. Inda aka riga aka cike guraben tun kafin 'yan aji ɗaya su sauke akwatunansu, hujjar tarbiyyar ta yi rauni.

Wani zai kawo mini Gonzaga, jami'ar Katolika da ke Spokane a jihar Washington, wadda ƙungiyar kwandonta ta kai zagayen takwas na ƙarshe a gasar ƙasa a 1999, ta kuma buga wasan ƙarshe a 2017 da 2021, sunan jami'ar ya bazu, masu neman gurbi suka ƙaru. Gaskiya ne. Amma Gonzaga ta ajiye zari-ruga tun bayan kakar 1941, ta zuba ƙarfinta a wasan da mutum biyar ke bugawa. Ita ma zaɓen fage ta yi. Kuma a kan kowace Gonzaga guda akwai jami'o'i da dama da suka bi hanyar suka ƙare da bashi.

Kwalejin Birmingham-Southern da ke Alabama ta gwada hanyoyin biyu. Ta hau Rukuni na Ɗaya a farkon wannan ƙarni, kuɗi suka gagare ta, a 2006 ta yanke shawarar saukowa Rukuni na Uku, ta kuma buɗe ƙungiyar zari-ruga a 2007 don ƙara yawan ɗalibai. Ta zama abokiyar karawar Sewanee a ƙawance ɗaya. Bashin gine-gine, da kuskuren lissafin tallafin ɗalibai da aka gano a 2010, da raguwar masu shiga, suka ci gaba da cin ta, rancen da ta nema daga gwamnatin jiha bai samu ba, aka rufe ta ranar 31 ga Mayu 2024. Ƙungiyarta ta besbol ta kai gasar ƙarshe ta ƙasa a Eastlake, jihar Ohio, har ta ci wasa ranar 1 ga Yuni da sunan makarantar da ta daina wanzuwa. Jaridu sun yi ta yayata labarin da irin muryar da ake ba da na 1899. Abin da ya fi amfani ga mai nazari shi ne, kwalejin ta cika da 'yan wasa, amma hakan bai toshe ramin da ke cikin asusunta ba.

Nisa ma kuɗi ne

Ko a cikin Rukuni na Uku, zaɓen abokan karawa bai ƙare ba. Ƙawancen da Sewanee ta taimaka aka kafa a 1962, wanda ya koma SCAC a 1991, ya yi ta faɗaɗa har ya kai Texas da Colorado. Kai ƙungiyoyi ashirin irin wannan nisa na nufin tikitin jirgin sama, da otal, da ɗalibai da ke rasa darussan Alhamis da Juma'a. A 2011 Sewanee da Centre da Rhodes da Hendrix da Millsaps da Oglethorpe da Birmingham-Southern suka sanar da ficewa, Kwalejin Berry ta haɗu da su, suka kafa SAA, wadda ta fara gasa a 2012. Dalilin da suka bayar shi ne rage kuɗin tafiya da rage lokacin da ɗalibi ke yi ba ya aji. Jami'ar da sunanta ya fito ta dalilin tafiyar kilomita 4,000 ta zaɓi abokan da bas zai kai ta wurinsu.

A ɗaya ɓangaren, tazarar sai ƙaruwa take yi. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984 ya ƙwace ikon sayar da wasannin zari-ruga ga talabijin daga hannun NCAA ya miƙa wa jami'o'i da ƙawancensu, abin da ya sa manya suka ƙara nisa. Daga 1 ga Yuli 2021 'yan wasa suka samu damar karɓar kuɗin talla da sunayensu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, na kimanin dala biliyan 2.8, wanda ya ba kowace jami'a ta Rukuni na Ɗaya izinin biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga ƙananan jami'o'in da ke maƙale a gindin wannan rukuni, 2025 ta yi kama da 1935.

Wasu sun fara amsawa irin ta Guerry. Jami'ar Hartford da ke Connecticut ta kai gasar kwando ta ƙasa karon farko a tarihinta a Maris 2021, a watan Mayu kuma majalisarta ta zaɓi sauka Rukuni na Uku, 'yan wasa suka yi zanga-zanga, wasu suka kai ƙara kotu. Jami'ar Saint Francis da ke Pennsylvania ta yi haka a Maris 2025, mako guda bayan ta buga wasa a gasar ƙasa. A duka biyun shugabannin sun yanke shawarar ne a lokacin da ƙungiyar ke tashe, lokacin da tsofaffin ɗalibai suka fi ƙin jin maganar. Bambancinsu da Sewanee ta 1940 shi ne, rukunin da suke saukowa ciki ya riga ya cika da kwalejoji masu farautar 'yan wasa ɗaya, kuma yawan masu kammala sakandare a Amurka zai fara raguwa daga tsakiyar shekarun 2020, sakamakon faɗuwar haihuwa da ta biyo bayan rikicin tattalin arziƙi na 2008.